Ciwon Haƙorin Kwamanda

Ƙafin Maiyaki

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Kano lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare ka a hanya da masauki. Mahaifinka yana sa maka albarka. Ka san halinsa, bai furta ba, amma da na ce zan rubuta maka takarda sai ya gyaɗa kai ya miƙo min birona da ya ara tun bara. A cikin ledar ƙuli-ƙuli na cusa ta, don na san ita za ka fara buɗewa.

Da baki na so in yi maka maganar nan. Amma in na fara labarin daji sai in ɓige da kwaikwayo, ku yi ta dariya, abin da nake son faɗa ya bi ruwa.

Kawunka Sale ya zo ana gobe za ka tafi, ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya Binta, yanzu ke da kanki za ki bar yaron nan ya je ya yi fim ɗin barkwanci a kan 'yan ta'adda? Ke da kika zauna a hannunsu?" Na ce masa, "Don na zauna a hannunsu ne zan bar shi. Zauna ka sha kunu." To ka sani, ina bayanka, kuma ba da rabin zuciya ba. Aikin da ka ɗauko mai yiwuwa ne, mai amfani ne. Sai dai na riga ka shiga cikinsa, na kuma yi tuntuɓe a wuraren da ba na so ka yi.

Kana makarantar kwana lokacin da aka tare mu, don haka gutsuri-gutsuri ka ji labarin. Daga Jos muka taso da buhunan dankalin turawa a motar Malam Sabo, wani direba mutumin Tudun Wada. Damina ce. Mun wuce Doguwa mun shiga dajin Falgore da la'asar sai muka ga itace a gicciye a titi. Kafin ya taka birki sosai sun fito. Ba irin ɓarayin da aka saba ji ba ne, waɗannan baƙi ne masu da'awar addini da suka yada zango a dajin. Suka kora mu ciki kamar awaki.

Shugabansu ya ce Kwamanda za a riƙa kiransa. Kullum da safe sai ya tara mu a gindin wata ɗorawa ya yi mana wa'azi: mu ɓatattu ne, 'ya'yanmu da ke makaranta ɓatattu ne, shi ne ya zo gyara duniya. Mai gyaran duniyar nan, ranar da aka yi hadari rana ba ta fito ba, sai da ya zo a ɓoye ya tambayi Malam Sabo ina ne gabas.

A cikinmu akwai wata tsohuwa Bafulatana, Inna Dije, daga wata ruga kusa da Doguwa. Barkar haihuwa za ta je yi wa 'yarta aka haɗa da ita. Kusa da ni take zama. Da zarar Kwamanda ya juya baya sai ta ɗaga kafaɗa ɗaya, ta turo leɓe, ta karkata kai. Ba ta tashi ba, ba ta ce uffan ba, amma wallahi shi ne sak. Na mintsine ta na ce, "Inna, don girman Allah ki bari. So kike a yanka mu?"

Ta dube ni ta ce, "'Yata, in za su yanka mu ba sai mun ba su dalili ba. Sun karɓe takalmina, sun karɓe 'yan kunnena." Ta taɓa bakinta. "Wannan kam ba zan ba su ba."

Na ɗauka tsufa ne ko taɓin hankali. Na janye jikina na koma nesa da ita, har na ce wa sauran mata su guje ta kada ta ja mana. Wannan shi ne kuskurena na farko. Na zaci wanda ya san girman masifa shi ne wanda ya fi kowa ɗaure fuska. Na zauna ni kaɗai, na daina cin ɗan garin da suke jiƙa mana, ina kallon ƙasa, ina lissafa wanda zai riƙe ku in na mutu. Waɗanda suka ƙi bin shawarata suka zauna kusa da ita, su ne masu ci, su ne masu iya tafiya in an tashe mu.

Sai Allah Ya saukar wa Kwamanda ciwon haƙori. Kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye mangwaro, yana wa'azi yana nishi, duk wanda ya gifta ta gabansa ya sha mari. Inna Dije ta ɗaga hannu ta ce, "Kwamanda, mu mutanen daji mun san maganinsa." Aka raka ta da bindiga ta sassaƙo ɓawon maɗaci. Ta ce ya cusa a kunci ya danne. "Amma da sharaɗi. Daga fitowar rana har ta take tsaka, ba magana. In ka buɗe baki iska ta shiga, tsutsar haƙorin za ta farka ta koma na kusa da shi."

Babana, ya yarda.

Washegari ba wa'azi. Da hannu yake ba da umarni. Can da hantsi ƙishirwa ta kama shi, ya nuna wajen rafi yana kaɗa hannu da ƙarfi, wai a ɗebo masa ruwa. Yaransa suka ɗauka cewa yake sojoji sun taho ta can. Kafin ka ce me, kowa ya ranta a na kare. Wani ya yar da bindiga, wani ya haye bishiya, wani ya faɗa cikin sarƙaƙiya yana kiran uwarsa. Ga mai gyaran duniya a tsaye shi kaɗai, ɗaci ya sa masa hawaye, yana buga ƙafa a ƙasa, yana "mm! mm!", ba halin ihu. Malam Sabo ya kasa riƙewa, ya mai da dariyarsa tari, ya yi ta tari har ya kwanta. Ni kuwa na tura mayafi a baki, jikina na rawa, hawaye na zuba. Ranar na ci abinci. Da yamma na koma kusa da Inna Dije, ta gusa ta ba ni wuri.

Don haka in wani ya ce maka ba a dariya a kan irin wannan abu, ka ba shi amsa da ladabi, amma kada ka yi shakka a ranka. Mutanen nan da tsoro suke ci. So suke a ɗauke su kamar aljanu, alhali mutane ne masu ciwon haƙori da tsoron inuwarsu. Tun ranar da na gan shi yana buga ƙafa, ya ci gaba da riƙe da raina a hannunsa, amma ya daina cika min ido.

Ga abin da ba na so ka manta. Ko ɓawon ne ya yi aiki ko ƙurjin ne ya fashe, Kwamanda ya warke. Bayan 'yan kwanaki suka tashe mu za a sauya wuri. Akwai wata mai tsohon ciki da ta kasa tafiya. Malam Sabo ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar baiwar Allah nan ta ɗan huta." Iyakar abin da ya faɗa kenan. Mutumin nan da muka yi wa dariya ya juyo ya harbe shi, ya ce a ci gaba da tafiya.

Wawa ne, kuma makashi ne, duka biyun a jiki ɗaya. In ka nuna wautarsa ka ɓoye muguntarsa, ka yi ƙarya, kuma yara za su fito daga kallo suna kwaikwayonsa don ya burge su. Kada ka ba shi kalaman da za a riƙa maimaitawa a majalisa da sha'awa. Kada ka ba shi tafiyar jarumi. A yi masa dariya, amma kada kowa ya so zama shi.

Kuma ka ji ni da kyau a nan: na san yadda masu barkwanci ke yi, da an ce ɗan daji sai a karya harshe a yi Hausar Fulani don a samu dariya mai arha. Kada in ga haka a fim ɗinka. Waɗanda suka kama mu, kowane irin harshe akwai a cikinsu, har da mai Hausa irin tamu tsantsa. Wadda ta tsirar da hankalinmu kuwa Bafulatana ce da su ma aka kore musu shanu. Ta rasu bara waccan da damina a rugarsu, Allah Ya jiƙanta. Na je gaisuwa, jikokinta suka ce har ranar ƙarshe tana kwaikwayon mai yi mata allura.

Yadda aka fito da mu ka sani, ba sai na maimaita ba. Na dawo gida jiki ba ƙwari, na daɗe a kwance. Da na fara warwarewa sai na gano duk ranar da na ba wa masu zuwa jaje labarin haƙorin nan, ranar nake samun barci. Sai ya zama sana'a. Duk bikin da na je, kafin in ajiye takalmi an fara: "Binta, yi mana Kwamanda!" Sai in cusa goro a kunci in miƙe. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Wannan bakin naka ba daga sama ka same shi ba.

Ranar sunan ɗan Gwaggonka Rabi a Tudun Wada na yi shi fiye da kullum. Tsakar gida cike, mata na faɗuwa kan juna. Ina cikin buga ƙafa sai na ga wata mata a gefe da goyo ta ajiye kwanon abincinta ta miƙe ta fita. Gwaggonka ta ja ni ɗaki ta ce, "Kin san ko wace ce? Hansatu ce, matar direban."

Ban san fuskarta ba. Lokacin ta'aziyya ina kwance, mahaifinka ne ya je.

Washegari na sa aka raka ni gidanta. Na tarar tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Ki yafe min, ban san kina wurin ba. Daga yau na daina."

Ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce, "Ba dariyar ce ta tashe ni ba, Yaya. Na zauna ne ina jira. An ce kuna tare da shi har ƙarshe, na ce yau zan ji wani abu a kansa. Kika yi kuncin wanda ya kashe shi, kika yi tafiyarsa, kika yi hawayensa. Har kika kai ƙarshe ban ji sunan mijina ba. Shi ba ya wurin ne?"

Na yi watanni ina yawo da mutumin banza a kuncina, na bar mutumin kirki a daji.

Na ce, "Yana wurin." Na gyara zama na ba ta labarin yadda Kwamanda ya zo a ɓoye yana tambayarsa gabas, da yadda ya amsa masa da fuskar salihai, yana juya baya ya dube mu ya ɗaga gira. Na yi mata tarin. Tana jin tarin ta saki rariya. Ta ce, "Haka yake yi! Haka yake yi in babansa na masa faɗa dariya ta kama shi!" Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan ta zarce da kuka, muka yi tare. Sannan na faɗa mata maganarsa ta ƙarshe, da kuma cewa mai cikin nan ta haihu lafiya bayan mun fito.

Ban daina ba da labarin ba, amma ban sake yin sa babu Malam Sabo a ciki ba. Kai ma haka za ka yi. Mai bindiga yana da sauƙin rubutawa, shi ke da ihu, shi ke da abin dariya. Waɗanda ke zaune a ƙasa su ne za ka wahala a kansu. Ka ba su suna, ka ba su hali, ka ba su nasu barkwancin. Kada su zama jerin kawuna a bayan jarumi. Duk lokacin da ka rubuta abin dariya, ka ɗauka akwai mace ɗaya da goyo a gefen ɗakin kallo, ka tambayi kanka wa take ganin ana yi wa dariyar.

Akwai wani gyara da mahaifinka ya yi min, shi ma ka riƙe. Wata rana a gida ina kwaikwayon yadda Kwamanda ke karya karatu in yana wa'azi, sai ya ajiye rediyonsa ya ce, "Binta, yi tafiyarsa, yi kuncinsa, amma ki bar karatun. Ba nasa ba ne." Gaskiya ya faɗa. Kada ka sa aya ko hadisi a bakin wawa don a yi dariya. Ka nuna jahilcinsa ta wata hanyar, hanyoyin suna da yawa. In ka yi shakkar wani wuri, ka kai wa malami ya duba kafin a ɗauka, ba bayan an saki ba.

Kuskurena na ƙarshe kai ka fi kowa saninsa, don a kanka ya faɗa. Ranar da ƙanwarka ta nuna min ɗan bidiyon da kuka yi a bayan firamaren Ba'awa, ban kalli ko rabinsa ba. Abin da na gani kawai shi ne ɗana da rawani ya rufe fuska, da bindigar katako a kafaɗa. Na ɗauki mayafi na same ka a bakin shago cikin abokanka, na ce kana wasa da jinin mutane, na ce ba ka da tausayi. Ni da na yi shekaru ina sa mata faɗuwa da wannan labarin! Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ki yi haƙuri, Umma." Ka daɗe ba ka ƙara ɗaukar komai ba.

Sai daga baya na kalle shi har ƙarshe a wayar maƙwabciyarmu, inda ɗan ta'addan naka ya tare mota ya tarar malaminsa na allo a ciki, ya rasa yadda zai yi da bindigar, ya ɓoye ta a baya ya durƙusa yana gaisuwa. Na yi dariya har da ƙwalla, na kuma gane kana da idon da ake buƙata.

Za ka haɗu da irina da yawa. Za su zage ka ba su kalla ba. Kada ka ce musu jahilai, kada ka mayar musu da martani a waya. Mafi yawansu ba ƙiyayya ba ce, wani abu suka gani wanda kai ba ka gani ba, rawanin ne kawai ya tayar musu. Ka ba su uzuri, ka yi musu magana mai taushi. Amma kada ka ajiye aikin kamar yadda ka ajiye don fushina. Ka ji gyara in na gaskiya ne, sauran ka bar shi ya wuce.

Kuma ka yi hankali da kayan wasan nan. Bindigar katako daga nesa bindiga ce. Duk inda za ku ɗauka, ku fara zuwa wajen mai unguwa, ku sanar da jami'an tsaro da 'yan sintiri, a san da ku. Kada wani mai kyamara ya ce muku dajin Falgore ya fi kyau. Akwai bishiyoyi a bayan kowane gari.

Yanzu ga abin da na yi ba da saninka ba. Ranar kasuwar da ta wuce na hau mota na je wajen Hansatu. Tana nan, tana tuyar waina a ƙofar gida. Na faɗa mata za ka yi fim, kuma ka ce kana so ka sa labarin haƙorin da na direban. Na ce in ta ce a'a, zan hana ka, kuma za ka hanu.

Ta gama juya wainarta. Sannan ta ce a sauya sunansa da na garin. Ta ce in an zo wurin harbin kada a nuna gawa, kada a sa kiɗan tausayi, a nuna motarsa kawai a gefen titi, ƙofa a buɗe. Ta ce lallai a bar masa tarinsa. Har na miƙe zan tafi ta kira ni ta ce, "Yaya, kuma ki gaya masa kada ya sa mai tumbi. Mijina ba shi da tumbi. Dogo ne, kyakkyawa."

Na ce zan faɗa.

Ta nuna 'yarta da ke wanke kwanuka a soro, wadda take goye ranar sunan nan, yanzu har ta kai ta tsawo. Ta rage murya ta ce, "Abin da ta sani game da ubanta shi ne an kashe shi a daji. Duk inda aka ambace shi sai mutane su yi tagumi. Ina so rana ɗaya ta zauna cikin jama'a ta ji an fashe da dariya saboda wani abu da ubanta ya yi."

To, Babana, ka ji wadda za ka yi wa aiki.

Allah Ya tsare min kai da abokan aikinka. Ya kare ku daga sharrin masu sharri, na daji da na gari. Ya sa albarka a hannunka da harshenka, Ya hana ka cutar da wanda aka riga aka cuta. Ya jiƙan Malam Sabo da Inna Dije da duk waɗanda ba su dawo ba, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa cin abinci, ka kira mahaifinka ko ba zai ce komai ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Umma